Murya Ta Kai Makka, Ruwa Bai Kai Tulu Ba

Wani dare cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke hana kowa kwanan ɗaka, na fito ƙofar gida wajen ƙarfe uku na tarar da jarkoki sun yi layi a bakin pampon unguwa, tun daga gindin bango har kwanar titi. Mata huɗu ko biyar na zaune kan tabarma suna gadin layi. Wata dattijuwa da duk unguwa ke kira Inna ta kara waya a baki tana magana da ɗanta da ke aiki a Makka, inda a lokacin asuba ta riga ta yi. Ta ba shi labarin suna, ta faɗa masa wanda ya rasu, ta tuna masa kuɗin magani, sannan ta ɗaga yatsa saƙon ya tafi. Kafin ta gyara ɗaurin kallabinta amsa ta dawo da muryarsa: "To Inna, na ji, in sha Allahu gobe zan aiko." Ruwan kuwa bai zo ba sai bayan an kira assalatu.

Tun daga ranar nake juya wannan al'amari a raina. Idan aka tashi maganar yadda kayan zamani suka sauya rayuwa, akan jero su ne kamar kayan lefe: rediyo, talabijin, salula, intanet. Jerin gaskiya ne, sai dai yana rufe abin da ya fi damun mutumin Damagaram. Kayan nan ba tare suka shigo ba, kuma kowanne da irin tafiyarsa. Duk abin da mutum ɗaya zai iya saya da kuɗinsa, ya jefa aljihu ko ya ɗaure a bayan babur, ya bazu a gari kamar wutar daji. Abin da kuwa sai an haƙa ƙasa, an shimfiɗa bututu, an kafa turaku, an kuma samu masu kula da shi shekara da shekaru, rarrafe yake yi har yau. Sai an raba waɗannan biyun kafin a gane abin da na gani a daren nan.

Garin nan ba baƙon fasaha ba ne. A ƙarni na 19 Sarki Tanimu ya kewaye Birni da ganuwa, maƙeransa suna ƙera igwa a nan gida, ayarin raƙuma na sauka a Zango da kayan Tarabulus ta hanyar Agadas, su koma da fata da gashin jimina. Faransawa sun ci garin a 1899, suka mai da shi hedikwatar mulkinsu a 1911. A wannan shekarar ce kuma jirgin ƙasa ya iso Kano, kuma shi ne ya karya bayan fataucin hamada: abin da raƙumi ke kawowa cikin watanni sai ga shi yana zuwa daga bakin teku cikin kwanaki. Daga nan kasuwar Damagaram ta juya fuskarta kudu, kuma ba ta sake juyawa ba. Kusan duk wani sabon abu da ya shigo hannun talaka, daga keke zuwa tocila zuwa salula, ta hanyar Matamaye ko ta Magariya ya biyo. A 1926 aka ɗauke hedikwata aka kai Yamai, bakin kogi, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar. Ke nan shekara ɗari ke nan kaya na zuwa mana da sauri daga Kano, ruwa na yi mana wuya a gida.

Mu fara da saƙo, don nan ne sauyin ya fi girma. A zamanin iyayenmu, wanda ya tafi cin rani Kano ko Legas, ko ya haura Libiya, kamar ya shiga rijiya ne. In uwa tana son yi masa magana sai ta nemi ɗan lakwal ya rubuta mata da boko, ko malami ya rubuta da ajami, a kai tasha a ba direba, a yi ta jira. Wasiƙar ba ta da sirri: mai rubutawa ya ji, mai karantawa a can ma ya ji. Mata da yawa sun haɗiye maganganun da suka so faɗa wa mazajensu saboda kunyar yaron da ke riƙe da alƙalami. Da rakoda ta yawaita sai aka samu sauƙi. A sayi kaset, a shiga ɗaki a rufe ƙofa, kowa ya zo ya yi tasa gaisuwar, daga mai gida har autan gida, a naɗe kaset a takarda a ba mai tafiya. Na tuna ranar da irin wannan kaset ya iso gidanmu daga wani kawuna. An shimfiɗa tabarma bayan isha'i, aka kira maƙwabta, aka saurara sau uku, kakata tana amsa gaisuwar da baki kamar yana gabanta.

Rediyo ya riga kaset shiga gida, kuma shi ne malamin siyasar mutanen nan. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Nijar a 1958, Muryar Jamus ta fara Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979, RFI kuma sai 2007. Ga Rediyon Kaduna da zaɓi-sonka. Dattijon da bai taɓa zama a aji ba yakan zauna ya warware maka rikicin Gabas ta Tsakiya, ya kawo sunayen shugabanni ɗaya bayan ɗaya, duk daga akwatin da ke rataye a kafaɗarsa. Bayan babban taron ƙasa na 1991 aka buɗe ƙofa ga gidajen rediyo masu zaman kansu, irin su Anfani da Shukura suka fara watsa shiri a Damagaram, sai mutum ya ji sanarwar rasuwa ko ɗaurin aure na unguwarsu, ya ji maƙwabcinsa na kokawa kan kwata ko kan ruwa. A shekarun nan ne kuma fada-fadar samari suka yawaita, ana dafa shayi ana aika wa juna gaisuwa ta rediyo. Abin lura shi ne rediyo bai taɓa tambayar kowa ko ya iya karatu ba, kuma batir biyu sun ishe shi. Shi ya sa ya kai ƙauyukan da wayar lantarki ba ta kai ba har yanzu.

Wayar tangaraho ta gidan waya kuwa ta ma'aikata ce da manyan 'yan kasuwa. Talaka sai dai ya je shagon buga waya, ya kira gidan wani mai hali a can, ya roƙi a kira masa ɗan'uwansa, ya kashe, ya jira, ya sake bugawa. Salula ta shigo Nijar a 2001. Celtel ta zama Zain, Zain ta zama Airtel a 2010. Telecel ta zama Moov. Orange ta zo a 2008, daga baya ta koma Zamani. Sonitel da SahelCom aka haɗe su suka zama Niger Telecom. Sunayen sun yi ta sauyawa, amma abin da ya sa salula ta ci gari abu biyu ne masu sauƙi. Na farko, eriya ɗaya da aka kafa a kan tudu tana ɗaukar dubban mutane ba tare da an ja waya zuwa gidan kowa ba. Na biyu, ana biya kafin a yi magana, kuma da kaɗan-kaɗan. Mai dala ashirin ya sa kiredi ya yi maganarsa. Wanda ba shi da ko dala ya yi bip a kira shi. Kamfani ba ya bin kowa bashi, ba ya aika takardar biya ƙarshen wata. Tsarin ya dace da yadda kuɗi ke shigowa hannun talaka, yau da ɗan abu, gobe babu.

Duk da haka, a shekarun farko salula ta bar mutane da yawa a baya, domin saƙon rubutu ya fi kira araha, kuma rubutu na masu karatu ne. An ma yi wani gwaji tun daga 2009 a ƙauyukan jihohin Doso da Damagaram, inda aka haɗa karatun yaƙi da jahilci da koyon aika saƙo a salula, aka ga waɗanda suka koya da waya sun fi samun maki a rubutu da lissafi. Amma abin da ya rushe katangar gaba ɗaya shi ne saƙon murya na WhatsApp. A ganina babu wata fasaha da ta dace da Bahaushe kamarsa, don kaset ɗin nan ne na da ya dawo, sai dai yanzu babu jiran direba. Mu mutanen baki ne: gaisuwa sai an ja ta, ta'aziyya sai an ji rawar murya, ciniki sai an yi ja-in-ja. Inna da ba ta san harafi ko ɗaya ba ta san hoton ɗanta, ta san inda ake dannawa. A karon farko tana magana da shi babu ɗan tsakani.

Kasuwa ma ta ji a jikinta. Da can ɗan kasuwar hatsi da ke son sanin kuɗin buhun gero a Tanut ko a Bakin Birji sai ya hau mota ya je, ko ya dogara da bakin wanda ya dawo, labarin kuma ya riga ya kwana. Wata mai bincike daga Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar tsakanin 2001 da 2006, lokacin da rezo ke shiga gari bayan gari, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari a inda salula ta kai. Dalilin a fili yake: in gero ya yi tsada a wata kasuwa, kafin azahar labari ya kai, kafin dare mota ta ɗauki hanya. Ranar Alhamis ka shiga kasuwar Dole ka ga dillalin dabbobi yana ɗaukar hoton rago yana aika wa mai saye a Kano, ɗan canji kuma yana duba yadda naira ta kwana da sefa kafin ya buɗe jaka. Sai dai a lura: wanda ya fi cin ribar labari shi ne mai jari da mota. Manomin da bashi ya ci masa wuya a kaka, ko ya san farashin Maraɗi da na Yamai, dole ya sayar a inda yake.

Aika kuɗi yana da nasa darasin. A wasu ƙasashen Afirka kuɗin cikin waya ne ya mamaye, amma a nan abin da ya fara kafuwa shi ne kamfanonin aike masu ofis da kanta, irin su Al Izza, BNIF Afuwa, Nita da Amana. Ka je ka miƙa kuɗi hannu da hannu, a ba ka lamba, ka kira ƙauye ka faɗa. Mutanenmu sun fi yarda da fuskar da za su iya komawa gare ta in an samu tangarɗa. Sai daga baya, da amana ta kafu, manhajojin waɗannan kamfanoni suka shiga wayoyi. Wanda ya san zamanin da ake ɗinke kuɗi a cikin rigar mai tafiya, ko a ba yaron mota a yi ta addu'a, ya san girman wannan sauƙi.

Babur ba ya buƙatar dogon bayani. Baburan Chaina masu araha sun shigo, kabu-kabu ya zama sana'ar dubban samari, adaidaita ta biyo baya, tafiyar da jaki ke yi yini guda ta koma ta sa'a ɗaya. Mai naƙuda a ƙauye ta samu abin da zai kai ta likita. A ɗaya gefen kuma gadajen masu karaya sun cika. Yamai da ke nesa da mu kusan kilomita 900, wadda a da tafiyarta sai an yi sallama da dangi, yanzu bas na tashi da asuba ya kai da dare. Man da baburan nan ke sha shekara da shekaru na 'yan ruwa-ruwa ne, a kwalabe bakin titi, daga Najeriya. A watan Nuwamba na 2011 aka buɗe matatar SORAZ a hanyar Tanut, kimanin kilomita 50 daga gari, mai tace ganga 20,000 a rana, ɗanyen man na zuwa ta bututu mai tsawon fiye da kilomita 460 daga Agadem. Abin da ya fi shiga gidaje daga matatar nan shi ne gas na girki. Matar da ta koma dafa abinci da tukunyar gas ta huta da hayaƙi a ido, itacen daji ma ya ɗan samu sarari, ko da yake gidaje masu yawa har yanzu murhu uku ne da icce.

Akwai wata na'ura da ba a cika sa ta a lissafi ba, ni kuwa ina ganin ta fi talabijin tasiri nesa ba kusa ba: injin niƙa. Masu rubutu kan fasaha yawanci maza ne, ba su taɓa riƙe taɓarya ba. A da ƙarar daka ce ke tada gari. Mace ta yi sussuka, ta yi surfe, ta wanke, ta shanya, ta daka ko ta durƙusa kan dutsen niƙa, duk kafin a ɗora tukunyar tuwo, gobe kuma a sake. Tafin hannun kakanninmu kamar fatar ganga yake. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnati ta kafa masana'antar SOTRAMIL a nan Damagaram don sarrafa gero da dawa, babban aiki mai manyan injuna. Amma abin da ya sauke wa mata taɓarya shi ne ɗan injin nan mai hayaƙi da wani ya saya ya kafa a rumfar kwano a lungu, yarinya ta kai kwano ta biya 'yan daloli ta dawo da gari. Sa'o'in da ya mayar wa mata su ne suka koma sana'ar cikin gida, suka koma makarantar Islamiyya ta matan aure, suka koma hutu ma, wanda shi ma haƙƙi ne. Tsofaffi na cewa furar inji ba ta kai ta turmi daɗi ba, kuma na yarda da su. Amma ban taɓa jin mai dakan ta ce a mayar da ita ba.

To, ga inda tafiyar ke tsayawa. Duk abubuwan da na ambata, ban da matatar mai, mutum ɗaya ne ke yanke shawara ya saya. Ruwa ba haka yake ba. Damagaram a kan dutse take zaune. Manyan duwatsun da ke ƙawata Birni su ne alamar abin da ke ƙarƙashin ƙafafunmu. Irin wannan dutse ba ya riƙe ruwa sai ɗan abin da ya maƙale a tsaguwa. A Maraɗi ko a ƙauyukan kudancin jihar nan, mai hali zai iya haƙa rijiyar burtsatse ya ɗora faifan sola ya huta. A yawancin unguwannin garin nan ko kana da kuɗin, injin haƙa zai ci karo da dutse. Dole a je nesa a nemo: Gogo da Machaya a kudu, inda ake tare ruwan damina don ya nutse ya ciyar da rijiyoyi, sannan Arunguza da Ganaram a arewa, a turo shi ta bututu mai nisan kilomitoci da yawa. Kowane sabon aiki yakan kawo sauƙi na 'yan shekaru, sai gari ya ƙara faɗi, sababbin unguwanni su tsiro, buƙata ta sake wuce abin da ake turowa.

Kwatanta da salula ka ga bambancin. Kamfanin waya ya kafa eriya, cikin ɗan lokaci ya mayar da kuɗinsa, don haka kamfanoni ke rige-rigen kafawa. Bututun ruwa kuɗinsa biliyoyi ne, ribarsa kaɗan ce, kuma ba ya yiwuwa a tsawwala kuɗin ruwa yadda zai biya kansa da sauri, don rai ne. Saboda haka sai gwamnati, sai bashi ko tallafi daga waje, sai jiran shekaru. In an gama kuma aikin bai ƙare ba: injin turo ruwa na son wuta ba yankewa, bututu na son gyara, tanki na son kulawa. Waya in ta lalace asarar mutum ɗaya ce, ya kai ta bakin kasuwa a gyara. Bututu in ya fashe asarar unguwa goma ce, kuma babu mutum ɗaya da zai ce nawa ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ruwan gari kuwa jinka ne.

Abin da ke ci mini rai a nan shi ne wanda ke biyan kuɗin wannan jinkiri. Mai pampo a gida da tanki a sama yana tara ruwa in ya zo, a farashin mita. Wanda ba shi da su yana saye a hannun 'yan garuwa da masu kura, jarka-jarka, kuma in bazara ta tsananta kuɗin jarka kan ninka. Ke nan talaka ya fi mai kuɗi sayen ruwa da tsada. Sa'o'in da injin niƙa ya mayar wa mace, layin pampo ya karɓe wani kaso daga ciki. 'Yan garuwa ba su da laifi. Suna toshe gurbin da bututu ya bari ne, da ƙarfin ƙirjinsu.

Wutar lantarki, kuran kamar yadda muke cewa, tana tsakanin biyun, shi ya sa labarinta ya fi koyarwa. Babban layin da ke ba Maraɗi da Damagaram wuta daga Katsina yake fitowa, kuma kafin 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da Nijar ke sha daga Najeriya ake sayo ta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023, Najeriya ta yanke layin a farkon Agusta, ba a mayar ba sai a Maris na 2024. A watannin nan kowa ya ga abin da ke rataye da wannan waya: mai walda, tela, mai ƙanƙara, mai injin niƙa na lantarki, ɗakin ajiyar magani, da injunan turo ruwa. Mutane suka yi abin da suka saba, suka nemi mafita ta aljihu. Faifan sola da batir suka cika kasuwa, fitilar caji da fanka mai caji suka shiga ɗakuna. Tun kafin nan ma tocilar Chaina ta riga ta kori fitilar ƙwai da aci-balbal, yara sun daina karatu cikin warin kananzir. Sola ta gida alheri ce babba, ina kuma murna da ita. Amma tana da iyaka: za ta haska ɗaki, ta caja waya, ta juya fanka, ƙaramin faifai ba zai riƙe injin walda ba, ba zai turo ruwa daga Ganaram ba. Akwai kuma wani haɗari da nake hange. Idan duk masu hali da masu faɗa a ji suka sayi nasu faifan da nasu tankin, muryar da ke matsa wa hukuma ta gyara na kowa da kowa za ta yi rauni, a bar marasa ƙarfi su kaɗai a layi.

Saurin ma yana da nasa kuɗin. Muryar da ke kai gaisuwar Inna ita ce ke kai jita-jita. A da labari na da uba: mai shela na sarki, limami, ko gidan rediyon da za a iya zuwa a tuhuma. Yanzu murya ce kawai ke yawo daga rukuni zuwa rukuni, ba suna ba gari, wani na rantsuwa cewa da idonsa ya gani, wani na tallan maganin da ke warkar da ciwon suga da hawan jini da basir a kwalba ɗaya. Saboda mun saba girmama maganar baki, musamman in an buɗe ta da sallama da salati, muna saurin gaskatawa. 'Yan damfara sun gane haka, suna kiran tsofaffi su ce an yi kuskuren turo kuɗi, ko ɗanka na hannun hukuma. Kuma wannan ƙofa da muke gani a buɗe, makullinta ba a hannunmu yake ba. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairun 2021 an rufe intanet na salula har kwana goma. Masu ciniki ta waya suka zauna hannu rabbana. RFI da ake ji a FM an dakatar da ita a Agustan 2023. Abin da ke aljihunka naka ne, amma igiyar da ke ba shi rai tana wani wuri.

Zumunta a ƙafa take, in ji magabata, kuma a nan ra'ayina ya rabu biyu. Waya ta haɗa mu da na nesa fiye da kowane zamani: ɗan da ke Aljeriya yana jin kukan jaririnsa ranar da aka haife shi. Amma ta ba na kusa uzurin da ba su da shi a da. Mutum yana Sabon Gari, an yi rasuwa a Garin Malam, sai ya aika murya. A fada za ka ga samari shida shayi na tafasa, kowa kansa a sunkuye. Ban ce fada ta mutu ba; har yanzu nan ake haɗa kuɗin jinyar aboki, nan ake samo wa wani aiki. Sai dai hirar ta ragu, kuma tatsuniyar dare da kaka ke yi wa jikoki ta koma kallon fim a waya, wanda 'yan turi ke zuba wa mutum a katin ajiya da 'yan daloli.

Sana'o'i ma an yi musanye. Dukawa da majeman Damagaram, waɗanda aikin fatarsu ya kai har bakin tekun arewa, takalmin roba da jakar leda sun cinye musu kasuwar yau da kullum, saura ta biki da ta baƙi. Ledar kuma ga ta nan a kan kowace ƙaya, tana toshe magudanu, tana kashe awaki. A gefe guda sababbin gwanaye sun fito. Ka tsaya wurin mai gyaran waya a bakin kasuwa, yaron da watakila bai gama firamare ba, ka ga yadda yake buɗe wayar da aka ƙera a Chaina, ya gano ƙwayar da ta ƙone, ya ciro wata daga gawar wata wayar ya dasa. Haka makanikan babur, haka masu haɗa sola. Babu makarantar da ta koya musu. A gaban maigida suka koya, kamar yadda ɗan maƙeri ke koyo a gaban uwar maƙera. Duk lokacin da na ji ana cewa mutanenmu ba su iya kula da kayan zamani ba, waɗannan yaran nake tunawa. Hannun gyara muna da shi. Abin da ya rage shi ne tsarin da zai ɗauki irin wannan hannu ya ɗora shi kan injin turo ruwa da layin wuta, ya biya shi, ya ajiye masa kayan gyara kafin abu ya lalace. Jami'ar André Salifou da ke garin nan da makarantun koyon sana'a suna da aiki a gabansu ta wannan fuska, domin ilimin dutse da ruwan ƙarƙashin ƙasa ba abin da ya kamata Damagaram ta riƙa arowa daga waje ba ne.

A unguwarmu yanzu akwai rukunin WhatsApp na ruwa. Duk wanda ya fara jin pampo na tari, ko ƙarfe nawa ne, sai ya saki murya: "Jama'a ruwa ya zo, a fito." Ƙofofi su buɗe, tocila ta haska, yara su fito da jarkoki ido na barci. Ya rage wahala ƙwarai, don ba sai kowa ya kwana a waje ba; mutum biyu sun isa gadi. Jikar Inna, wadda ke aji biyar, ita ke riƙe da wayar da dare saboda kunnen tsohuwa ya yi nauyi. Ranar da ruwa ya zo ƙarfe biyu takan samu ta koma barci kafin lakwal. Ranar da ya kai asuba, sai ta gama jido ta tafi aji a makare, wani lokacin kuma ba ta zuwa.